Gyaɗa da Abokan Gabanta na Ƙarƙashin Ƙasa: Taƙaitaccen Tarihin Yaƙi da Ruɓewar Saiwa

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ta da zancen gyaɗa a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa ta Kano, da jiragen ƙasa da ke kwasarta zuwa Ikko, da kuɗin da suka taimaka wajen gina makarantu da asibitoci a tsohuwar Jihar Arewa. Idan kuma aka tambayi abin da ya rusa dalar, sai a ambaci man fetur, da fari, da cutar kuturtar gyaɗa. Duk waɗannan gaskiya ne. Sai dai akwai wani abokin gaba da ba a cika ambatonsa ba, domin ba ya zuwa da hayaniya, kuma ba a ganin sa da ido sai bayan ya gama ɓarna. Wannan shi ne ruɓewar iri da saiwa, wanda ke cin rabonsa a gonar gyaɗa kowace damina, tun zamanin dala har zuwa yau.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun yadda ɗan Adam ya yi ta fafatawa da wannan cuta, tun daga dabarun kakanninmu, zuwa zamanin garin magani, har zuwa wannan zamani da ake tura wata halitta mai rai ta yaƙi wata, domin manoman garinmu su san inda aka fito da inda aka dosa.

Yadda gyaɗa ta zama dukiyar Arewa

Asalin gyaɗa daga Kudancin Amurka ne. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta yi ta shigowa cikin ƙasa sannu a hankali har ta sami mazauni kusa da 'yar uwarta gurjiya, wadda ita ce 'yar asalin wannan nahiya. Shekaru aru-aru ana noma ta don amfanin gida: a matse mai, a toya ƙuli-ƙuli, a dama kunu, a ajiye harawa saboda dabbobi.

Al'amari ya sauya bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa wa ido, domin ita masaƙun Ingila ke buƙata, amma manoman Kano da Katsina da kewayensu suka auna riba, suka zaɓi gyaɗa. A 1911 abin da Nijeriya ta fitar waje bai kai tan 2,000 ba, amma a 1913 ya haura tan 19,000. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shiga saye suna sayar wa kamfanonin Turawa. Da gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, sai aka shiga jera buhunan a fili ana yin dala, wadda ɗaya kan ɗauki buhu har 15,000. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma harkar ta koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Cikin shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa zuwa kasuwannin duniya.

To, amma kowace riba da wahalarta. Da noman gyaɗa ya zama hanyar biyan haraji da yin aure da sayen sutura, sai aka riƙa maimaita ta a gona ɗaya shekara bayan shekara, saura ta ragu, ƙasa ta daina samun hutu. Irin wannan hali kuwa shi ne abin da cututtukan cikin ƙasa suka fi so.

Su wane ne abokan gaban?

Abin da manomi ke kira ruɓewar saiwa ba cuta ɗaya ba ce. Aiki ne na wasu ƙananan halittu dangin fumfuna, wato irin abin nan da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Suna zaune a cikin ƙasa da jikin iri, ba a ganin ƙwayoyinsu sai da madubin bincike. Guda uku ne suka fi addabar gyaɗa a yankinmu.

Ta farko ita ce baƙar fumfuna, wadda masana ke kira Asfajilus naija. Ita kan kama iri tun kafin ya tsiro, ko ta kama ɗan tsiro a wuya, daidai inda kara ya haɗu da saiwa. Manomi zai ga tsiron ya yi yaushi ya faɗi cikin makonnin farko, idan ya tona sai ya tarar da wani baƙin gari kamar kunkunniya a wuyansa. Ita ce ke barin giɓi a kan kunya. Ta fi samun dama idan fatar irin ta sale wajen ɓarewa, ko an binne shi da zurfi fiye da kima, ko ƙasa ta yi zafi.

Ta biyu ita ce fumfunar gawayi, wato Makrofomina. Wannan abokiyar fari ce. Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, rana ta buɗe, shuka ta galabaita, sai ta shiga saiwa ta busar da ita, ta mai da ita baƙa kamar an barbaɗa mata garin gawayi. Tana kama tsirrai fiye da iri 500, ciki har da wake da riɗi da dawa da waken suya, kuma ƙwayoyinta kan yi shekaru a cikin ƙasa suna jira.

Ta uku ita ce farar fumfuna, wadda wani masani mai suna Peter Henry Rolfs ya fara bayyana ta a 1892 a jikin tumatir a Fulorida ta Amurka. Ita danshi da ɗumi take so. Takan shimfiɗa wani farin zare kamar auduga a gindin shuka, daga baya ta fid da 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa, girmansu bai wuce na ƙwayar gero ba. Takan ruɓar da gindi da saiwa da kwanson gyaɗar baki ɗaya.

Dukkansu kuma suna da mataimaka. Gara da ƙadandoniya da sauran ƙwarin ƙasa kan ji wa saiwa rauni, haka ma fartanya idan aka yi sakaci wajen noma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dabarun kakanni

Kakanninmu ba su san sunayen waɗannan halittu ba, amma sun san halinsu. Sun lura cewa gonar da aka daɗe ana zuba mata gyaɗa takan gaji, don haka sukan juya ta zuwa gero ko dawa, ko su bar ta saura. Sukan ajiye iri a cikin kwansonsa a rumbu, ba sa ɓare shi sai shuka ta matso. Mata da yara sukan zauna su ɓare da hannu, su tsince wanda ya motse da wanda ya fashe da wanda launinsa ya sauya. Sukan kai takin gida gona da rani, ko su yi yarjejeniya da makiyaya su sauka da shanunsu a gonar bayan girbi.

Binciken zamani ya gaskata hikimar waɗannan al'adu. Kwanso yana kare ƙwaya daga rauni. Tsince iri yana rage ƙwayoyin cutar da za a kai gona. Juya shuka zuwa hatsi yana hana farar fumfuna abinci, an kuma gano cewa gero da acca ba sa ciyar da fumfunar gawayi kamar yadda wake da dawa ke yi. Takin gida kuwa yana riƙe danshi, yana kuma ƙara yawan halittu masu amfani a cikin ƙasa, waɗanda za mu dawo kan zancensu nan gaba. Abin da ya raunana waɗannan dabaru shi ne yawan jama'a da ƙarancin fili, da kuma injin ɓare gyaɗa, wanda ke sauƙaƙa aiki amma yana fasa ƙwaya.

Zamanin garin magani

Maganin da ya zo ya cike wannan giɓi daga Turai ya faro, kuma ba saboda gyaɗa aka fara neman sa ba. A 1807 wani masani mai suna Prévost ya nuna a Faransa cewa idan aka jiƙa irin alkama cikin ruwan sinadarin jan ƙarfe, cutar da ke baƙanta zangarniya ba ta tasowa. A 1885 wani Bafaranshe kuma, Millardet, ya bayyana haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa wanda ya ceci gonakin inabi. A farkon ƙarni na 20 Jamusawa suka fito da magungunan iri masu zaiba a ciki. Suna kashe fumfuna ƙwarai, amma guba ne mai tsanani ga mutum. A 1934 aka yi rajistar wani sabon dangin sinadarai a Amurka, wanda daga cikinsa aka sami tiram, maganin da ya daɗe yana kare irin gyaɗa a ƙasashe da dama. Daga 1966 kuma aka fara samun magungunan da ke ratsawa cikin jikin tsiro, maimakon su tsaya a fatar iri kawai.

A nan gida, cibiyar wannan aiki ita ce Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar aikin gona a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can shawarwari ke fitowa, malaman gona su kai su ƙauyuka. Dattawanmu ba za su manta da 'yan ƙunshin Fernasan D da Aldrex T ba. Kowannensu haɗi ne na tiram mai kashe fumfuna da wani maganin ƙwari: lindan a cikin na farko, aldirin a cikin na biyu. Akan zuba iri a ƙwarya ko gwangwani, a barbaɗa garin, a girgiza har kowace ƙwaya ta shafu, sannan a shuka. Cikin duk dabarun zamani da aka kawo wa ƙaramin manomi, da wuya a sami wadda ta kai wannan araha, kuma amfaninta a fili yake, domin kunya takan cika da tsiro babu giɓi.

Amma tarihi ya nuna cewa garin magani yana da nasa haɗari. A ƙarshen 1971 aka shigar da irin alkama da sha'ir da aka cuɗa da maganin zaiba ƙasar Iraƙi. Irin ya isa hannun manoma da yawa bayan lokacin shuka ya wuce, gargaɗin da ke jikin buhunan kuma ba da harshen da suke karantawa aka rubuta shi ba. Suka wanke launin, suka niƙa, suka yi burodi. Fiye da mutum 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka rasu a can. Wannan musiba darasi ce ga kowane gida da ake ajiye ragowar iri: wanke launi ba ya fid da guba. Daga baya kuma aka gane cewa aldirin da lindan ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a ƙasa da ruwa da jikin mutum. Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001 ta haramta aldirin, a 2009 aka ƙara da lindan. Shi kansa tiram, Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2018. A wurinsu aka sami sababbin haɗe-haɗe irin su Apron Star, waɗanda ake zuba kaɗan a sami biyan buƙata.

Akwai kuma iyakar abin da maganin iri zai iya yi. Kariyarsa ta makonnin farko ce. Yana maganin baƙar fumfuna sosai, amma lokacin da fumfunar gawayi da farar fumfuna ke kai hari a tsakiyar damina, ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Manoman Amurka kan yi feshi da magunguna masu tsada a wannan lokaci, abin da ƙaramin manominmu ba ya iya ɗauka.

Shekarun wahala

Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza ƙasar Hausa ta Nijeriya da ta Nijar. Kafin manoma su farfaɗo, a 1975 annobar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwaron darɓa ke yaɗawa, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewacin Nijeriya. Mutane da yawa suka rasa iri, wasu suka koma noman wake da gero. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona, dala ta ɓace, a 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki. Daga nan manomi ya koma sayen iri da magani a kasuwa, inda mai kyau da jabu suke zaune a tebur ɗaya.

Masu bincike ba su zauna ba. Samaru, tare da cibiyar ICRISAT da aka kafa a Indiya a 1972, ta fitar da sababbin iri masu jure kuturta: SAMNUT 21 da 22 da 23 a 2001, sai SAMNUT 24 mai saurin nuna a 2011. Wannan babban ci gaba ne, amma ya kamata a fahimci cewa jure kuturta daban, jure ruɓewar saiwa daban. Ingantaccen iri ma yana buƙatar kariya idan ya shiga ƙasa.

Da ɗan gari akan ci gari

A cikin ƙasar da masu cuta ke zaune, akwai wasu halittu da ke farautarsu. A 1932 wani masani mai suna Richard Weindling, yana bincike a Kalifoniya kan cutar da ke kashe 'ya'yan dashen lemo, ya ga wata koriyar fumfuna mai suna Tirikodama tana nannaɗe zaren mai cutar tana cinye shi. An daɗe ba a ci moriyar wannan bincike ba, domin garin magani ya fi sauƙin sarrafawa, amma da illolin sinadarai suka bayyana sai aka waiwaye shi.

Tirikodama tana aiki ta hanyoyi da dama. Tana rigan mai cutar mamaye jikin saiwa ta cinye abincin da ke wurin, tana fid da sinadaran da ke narkar da jikinsa, tana kuma zaburar da shuka ta kare kanta. Da yake rayayya ce, tana iya bin saiwa yayin da take girma, ta daɗe fiye da garin magani. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu irin wannan aiki, kamar Basilus da Sudomonas. A Indiya, wadda ke cikin manyan masu noman gyaɗa a duniya, jami'o'in aikin gona sun daɗe suna ba manoma shawarar cuɗa kowane kilo na iri da giram 4 na garin Tirikodama, ko kuma a gauraya kilo biyu da rabi da takin gida kilo 50 a watsa a hekta ɗaya. Wannan ya nuna cewa takin da kakanninmu ke kaiwa gona shi ne shimfiɗar da waɗannan halittu ke buƙata.

Misalin da ya fi kusa da mu ya shafi wata 'yar uwar baƙar fumfuna, mai launin rawaya-kore, wadda ita ma ke ruɓar da iri da tsiro, amma babban sharrinta shi ne gubar aflatoksin da take zubawa a cikin ƙwaya. An gano wannan guba bayan da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Tana haddasa sankarar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara, ita ce kuma ke sa kasuwannin Turai mayar da gyaɗar da ba ta cika sharaɗi ba. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan, tare da takwarorinsu na Amurka, suka tattaro nau'o'in wannan fumfuna daga ƙasar Nijeriya, suka zaɓi guda huɗu da ba sa fid da guba, suka shafa su a jikin gasasshiyar dawa mai launin shuɗi. Wannan shi ne Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa rajista a 2014. Akan watsa kilo 10 a hekta, marasa gubar su mamaye gona su hana masu gubar sakat. Gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Ba maganin ruɓewar saiwa ba ne, amma ya tabbatar da cewa wannan dabara tana aiki a ƙasarmu, da halittun ƙasarmu.

Su ma waɗannan halittu suna da rauninsu. Zafi yana kashe su, ba sa daɗewa a ajiye, kuma ba sa aiki sosai a busasshiyar ƙasa marar taki. Wasu magungunan fumfuna kan kashe su idan an haɗa, don haka kada manomi ya gauraya biyun sai da shawarar malamin gona.

Kammalawa

Har yanzu Nijeriya tana sahun gaba cikin masu noman gyaɗa a duniya, amma abin da manominmu ke samu a hekta bai cika wuce tan ɗaya ba, alhali na Amurka yana haura tan huɗu. Wani ɓangare na wannan tazara yana ɓacewa ne tun a makonnin farko, a cikin giɓin da ke kan kunya.

Abin da tarihin nan ke koya mana shi ne babu zamanin da ya zo da cikakkiyar waraka shi kaɗai. Dabarar kakanni ta gaza da fili ya ƙaranta, garin magani yana da iyaka da haɗari, halittu masu amfani kuma suna buƙatar kulawa. Dacewa tana cikin haɗa su. A nemi iri mai kyau, a bar shi cikin kwanso har shuka ta matso, a ɓare a hankali, a tsince. A cuɗa shi da magani mai rajista bisa ma'aunin da ke jikin ƙunshin, da safar hannu, nesa da yara da kwanukan abinci, kuma ragowar irin kada mutum ko dabba su ci. A shuka a zurfin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Kada a maimaita gyaɗa ko wake a gona ɗaya a jere. A kai taki, a tuge shukar da ta kamu a ƙone ta, a cire gyaɗa da zarar ta nuna, a busar da ita sosai kafin a kai rumbu.

Wasu daga cikin waɗannan matakai sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan manoman gari suka haɗa kuɗi suka sayi iri da magani daga tushe, sun tsira daga jabu. Idan aka ware ɗaki mai sanyi don ajiyar irin waɗannan kayayyaki, aka gayyaci malaman gona kafin faɗuwar damina, aka keɓe 'yar gonar gwaji inda kowa zai ga kunyar da aka sa wa magani kusa da wadda ba a sa wa ba, to, an ɗauki hanya. 'Ya'yanmu da suka karanta aikin gona a jami'o'i da kwalejoji su ma suna da haƙƙin dawowa gida su karanta wa iyayensu abin da ke rubuce a jikin ƙunshin magani. Gyaɗar da iyayenmu suka tara har ta zama dala, ƙwaya ɗaya-ɗaya aka shuka ta, kuma sai da kowace ta tsira daga ruɓewa kafin ta kai buhu.